Sabuntau Ya Haɗa Kan Kwamfutocin Bene

A wani bene mai hawa biyu da ke bakin babban titi, wanda shaguna suka cika shi sama da ƙasa, an yi wani saurayi da ake kira Sabuntau. Ba sunan da aka raɗa masa ba ne. Ya samo shi ne bayan ya dawo daga wani kwas ɗin kwamfuta na 'yan makonni, riƙe da takardar shaida da ya kai aka manne masa cikin leda, da kalma ɗaya tak a bakinsa. In waya ta ƙi caji, sai an sabunta. In fanka ta yi ƙara, sai an sabunta. Ranar da maigadin benen ya yi kukan ciwon gwiwa, kafin ya rufe baki Sabuntau ya ce masa matsalar tsohon tsari ce. Daga nan sunan ya bi shi, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa sarauta aka naɗa masa.

Aikinsa na gaskiya, wanda ba ya faɗa wa 'yan mata, shi ne yanke jelar zare a shagon Gwaggonsa da ke hawa na sama. Gwaggo ɗinkin kwamfuta take yi. Tana da injin surfani mai kai huɗu, wanda ke rubuta suna da lamba a jikin riga, da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙaton ciki da ke ba injin umarni. Wani mai gyara ne ya haɗa mata su shekarun baya, daga bisani ya tashi ya koma wani gari, kuma tun daga lokacin kwamfutar ko tari ba ta taɓa yi ba. Doka ɗaya Gwaggo ta kafa wa ɗan ƙanen nata.

"Ka share ta, ka goge ta, in ka ga dama ka yi mata waƙa," in ji ta. "Amma ranar da yatsanka ya hau kan ɓeran nan, ni da kai ne." Maus take nufi.

Abin da ke hana Sabuntau barci shi ne wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar benen, wanda mai yankan makulli ya tashi ya bari. Ciyaman, wato shugaban 'yan shagunan, wanda kuma shi ke da kemis a hawa na ƙasa, ya faɗa a wajen taro cewa za a ba da ɗakin ga wanda zai riƙa kula da kwamfutocin benen. Kafin a tashi daga taron Sabuntau ya gama shirya kujeru a ransa. Washegari ya kai aka rubuta masa allo: ASIBITIN KWAMFUTA. INJINIYA SABUNTAU. BA MA GYARA, SABUNTAWA MUKE. Ya sungumo shi ya jingine a ƙofar kemis.

Ciyaman ya sauke tabarau ya karanta. "Allon ya yi kyau, yaro. Wa ka taɓa gyara wa?"

"Ranka ya daɗe, tambayar ita ce wa ya taɓa bari in gyara masa. Mutanen benen nan tsoron ilimi suke."

"To, shi ne dai. Ranar Asabar da yamma ka nuna mini kwamfuta ɗaya da ta fi yadda take jiya, makullin ɗaki naka ne."

"Ɗaya kacal? Ranka ya daɗe, ka raina ni."

Asabar ta zo da sa'a, a ganin Sabuntau. Ya iso shago da farar riga da wani dogon naktaye ja da ya aro, ya tarar Gwaggo tana ɗaura gyale. Ƙungiyar ƙwallon unguwa za ta buga wasan ƙarshe da yamma, kuma ita aka ba aikin rubuta sunayen 'yan wasa a sababbin rigunansu. Ta riga ta shigar da sunayen cikin kwamfuta, ta goge rigunan ta jera su. Farin zare ne kawai ya gaza, za ta je ta sayo.

Ta dubi naktayen ta taɓe baki. "Wa ya mutu?"

"Jahilci, Gwaggo."

"Allah ya ji ƙansa. Ka tsare mini shago. In na dawo zan ɗaura riguna in danna koren maɓalli, shi ke nan aikin."

Ƙarar takalminta ba ta gama sauka daga matakala ba Sabuntau ya haye kujerarta. Ya murza yatsu, ya kama maus, ya fara leƙa cikin kwamfutar folda bayan folda. Can sai ya yi turus. A foldar manhajar surfani ya ga wani ɗan fayil. A foldar manhajar zane ya ga wani mai irin sunan sak. A ta firinta ma ga shi. Duk inda ya buɗe, ga fayil ɗin nan zaune, suna ɗaya ba bambancin ko ɗigo.

Ga wanda bai sani ba, manhajojin kwamfuta ba kowacce ke zuwa da kayan aikinta cikakku ba. Akwai wasu ƙananan fayiloli da suke tarayya a kansu, kamar yadda 'yan haya ke tarayya a tsani ɗaya: wani yana zana haruffa, wani yana auna tsawo da faɗi, wani yana magana da firinta. Masu sana'ar suna ce musu laburaren haɗaka. Inda gizo ke saƙar shi ne, masu ƙera su sukan sake musu fasali lokaci zuwa lokaci, amma ba sa sake musu suna. Sai ka ga fayil biyu, suna ɗaya, hali daban, kuma manhajar da ta saba da na da, in aka ba ta na yanzu sai ta rikice. Shi ya sa mai gyaran nan ya ajiye wa kowace manhaja nata a cikin foldarta, kowa ya riƙe nasa a zauna lafiya. Wannan darasin a makon ƙarshe na kwas ake yin sa. A wannan makon kuwa Sabuntau yana wajen tela, ana gwada masa rigar da zai sa ranar karɓar shaida.

"Kai!" Sabuntau ya dafe kai. "Dubi ɓarna! Dubi almubazzaranci! Abu ɗaya an tara shi kamar ƙwan kifi. Wannan shi ne mai gyaran da Gwaggo ke yi wa addu'a?"

Nan take ya raɗa wa aikin suna: Tsarin Haɗin Kai. Fayil ɗaya, kwamfuta ɗaya, murya ɗaya. Ya duba kwanan watan kowanne, ya zaɓi wanda ya fi sabunta ya kai shi babbar foldar tsakiya, sauran kuma ya tattara su ya danna gogewa.

Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ta sake fito da wani rubutu, ta ce wasu manhajoji na iya daina aiki.

"Ni da ke wa ya yi kwas?" in ji Sabuntau. Ya danna eh. Sannan, da yake shi mutum ne mai tsafta, ya buɗe kwandon sharar kwamfutar ya zubar da abin da ke ciki, yadda ko mai gyaran ya dawo da kansa ba zai same su ba.

Ya kashe ta ya kunna. Ta tashi, kuma Sabuntau ya rantse a ransa ta fi saurin tashi. Ya gyara naktaye, ya danna manhajar surfani. Tambarinta ya fito kamar kullum, ya tsaya, sai ga wani ɗan farin akwati mai jan alama ya faɗo tsakiyar allo da ƙara, ɗin! Manhajar ta ce ta nemi abin da ta saba samu a cikin fayil ɗin ba ta gani ba. Ya danna, ta rufe. Ya sake buɗewa. Ɗin! Ya kashe ya kunna. Ɗin! Ya mari gefen kwamfutar, ya zagaya baya ya hura mata iska, ya karanta mata abin da ya tuna na Turancin kwas. Ɗin!

Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin naktaye. Ya dubi rigunan da ke jere, ya dubi ƙofa.

"Ba lalacewa ta yi ba," ya gaya wa kansa. "Tsohuwa ce, an ba ta abin da ya fi ƙarfin haƙoranta. Matsakaici take so."

Shagon da ke kallon na Gwaggo na Mai Hoto ne, wani dattijo mai saurin fushi wanda abu ɗaya kawai ke sanyaya masa rai, wato kyauta. Sabuntau ya tarar da shagon cike. Koci, mai horar da ƙungiyar unguwa, ya jero 'yan wasansa ana ɗaukar su hoton kati, domin ba a shiga fili a wasan ƙarshe sai da kati mai hoto.

"Kawu, yau asibitina yana duba lafiyar kwamfuta kyauta."

Mai Hoto bai cire ido daga kyamara ba. "Ɗaga haɓa, kai. Kar ka yi mini dariya, ba talla muke ba. Ka ce kyauta?"

"Kyauta."

"To kar ka daɗe."

Sabuntau ya shige bayan labule, ya soka filashinsa na ɗaukar fayil a kwamfutar, ya nemo fayil mai irin sunan. Ga shi nan kuwa. Wani mai hankali da kwafa zai yi ya bar wa mai abu abinsa. Amma Sabuntau ya riga ya shelanta yaƙi da kwafi, kuma ba zai karya dokarsa da hannunsa ba. Ya cire na Mai Hoto ɗungurungum, ya ajiye masa sabon da ya zo da shi daga kwamfutar Gwaggo a madadinsa. Har ya ji ya yi sadaka.

Ya koma shagon Gwaggo da sauri ya zuba na Mai Hoto. Manhajar surfani ta buɗe! Sabuntau ya miƙe ya taka rawa ya zagaya kujera. Ya dawo ya taɓa maus, kibiyar ta rikiɗe ta zama zobe mai juyawa, ta yi ta juyawa, sannan komai ya sandare.

Bai gama kallon zoben ba ya ji ana kwaɗa masa kira daga waje, kiran da babu kyauta a cikinsa. Mai Hoto ya banko ƙofa da takardar hotuna a hannu, Koci na biye da shi.

"Me ka yi wa kwamfutata?"

"Na ɗago ta daga inda zamani ya bar ta, Kawu."

"Duba nan! Wannan mutum ne ko ƙadangare?"

Sabuntau ya duba. Ƙungiyar gaba ɗaya ta fito koriya shar kamar ganye. Mai tsaron gida ma har da ƙarin shuɗin leɓe.

"Ai Kawu kore launin fili ne. A ƙasashen da suka ci gaba..."

"A ƙasashen da suka ci gaba da yanzu kana hannun hukuma!"

Koci, wani ƙato mai usur a wuya, ya matso ya yi magana a hankali, wadda ta fi ihun ban tsoro. "Ɗan'uwa, alƙalin wasa zai duba kati ya duba fuska. In bai ga koren mutum a gabansa ba, me zan ce masa? In sayo fenti in shafe yarana?"

"Mayar mini da abina yadda yake," in ji Mai Hoto.

"A kimiyya ba a komawa baya. Ku ɗan ba ni lokaci, zan kawo maka wanda ya fi naka."

Ya kashe kwamfutar Gwaggo ta ƙarfi, ya kunna, ya zare fayil ɗin Mai Hoto ya sa a filashi, ya bi ta ƙarƙashin hammatar Koci ya sauka ƙasa a guje. Kemis ɗin Ciyaman cike yake da layi. A kan kanta akwai kwamfuta da ke karanta lambar jikin kwalin magani, ta nuna sunansa a wani allo da ke fuskantar masu saye, sannan ɗan inji ya fitar da rasit.

"Ranka ya daɗe, na zo in nuna maka somin-taɓi kafin yamma."

"Wane ihu nake ji a sama?"

"Murna ce, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya matsa masa ya juya yana neman wani kwali a kan kanta. Sabuntau ya yi musayar a tsaye: na Mai Hoto ya shiga, na Ciyaman ya fita. Yana zare filashi wani dattijo mai furfura da kwarjini ya miƙo maganin ɗigawa a ido. Ciyaman ya haska shi. Allon ya rubuta da manyan haruffa, yadda na ƙarshen layi ma zai karanta: MAGANIN TSUTSAR CIKI.

Dattijon ya ƙura wa allon ido.

"Ban gane ba," in ji dattijon.

"Yi haƙuri, Baba, kuskure ne." Ciyaman ya sake haskawa. MAGANIN TSUTSAR CIKI. Ya jawo sabulun jarirai na matar da ke biye ya haska. MAGANIN TSUTSAR CIKI. Ya haska kwalin auduga, ya haska robar ruwa, har hannunsa ya haska don haushi. Duk tsutsa.

Wani daga baya ya ce, "Baba, ai ba abin kunya ba ne, sha kawai." Layi ya fashe da dariya. A daidai nan ɗan injin rasit ya yi tari ya fara aman takarda, yana yi ba ya tsayawa, ta sauka daga kanta, ta bi ƙasa, ta nannaɗe ƙafar dattijon.

"Sabuntau!"

Amma Sabuntau yana kan matakala.

Daga nan abin ya koma tsere. Ya kai na Ciyaman wajen Gwaggo, manhajar ta buɗe amma haruffa suka koma 'yan akwatuna. Ya kwashe shi ya kai wa Mai Hoto, koren ya tafi, fuskoki suka dawo daidai, sai dai kowane kai ya miƙe ya yi tsawo kamar gora. Ya ɗauko na wajen Mai Hoto ya kai kemis, tsutsa ta tafi, kwamfutar ta koma kashe kanta duk sanda aka haska kwali. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, naktaye na tashi a bayansa kamar tuta. Kuma a kowane zango kwamfutar takan tsayar da shi ta ce akwai wani fayil mai wannan sunan a nan, a maye gurbinsa? Shi kuwa, da yake ana jiransa da zagi a ƙofa, sai ya danna eh. Tun yana riƙe da wane ne na wane a ka, har abin ya cakuɗe masa, don duk sunansu ɗaya. Bai lura ba cewa kowace eh da ya danna, fayil guda ya bar duniya.

Labari ya zagaya benen kafin shi. Mai aski ya hango shi tafe ya ja ƙofa ya sa sakata, ya bar mutum da rabin kai a kan kujera. Mai sayar da rigunan waya ta cusa kalkuletarta cikin jaka ta zauna a kai. Maigadi ya janye ƙafarsa daga hanya ya ce, "Injiniya, don Allah gwiwata ta warke, kar ka taɓa."

"Za ku gode mini!" Sabuntau ya faɗa yana haki. "Duk wanda ya kawo sabon abu haka ake masa!"

"Mu dai kawo mana tsohon," in ji mai aski ta bayan gilashi.

Da rana ta karkata, Sabuntau ya tsaya ya duba filashinsa, ya duba kwamfutocin uku. Fayil iri ɗaya ne ya rage a benen gaba ɗaya. Ko na waye, Allah kaɗai ya sani. Tsarin Haɗin Kai ya tabbata: kwamfuta uku, fayil ɗaya, kowacce da irin haukarta.

Ya koma shagon Gwaggo, jama'a na biye da shi. Ciyaman na gaba da takardar rasit nannaɗe a hannu, Mai Hoto da hotunan ƙadangaru da na gora, Koci da ƙungiyarsa duka, sai 'yan kallo da suka cika baranda har matakala. Sabuntau ya zauna, ya rufe ido, ya danna manhajar surfani.

Ta buɗe. Ya taɓa maus, kibiya ta bi hannunsa. Ya buɗe aikin Gwaggo, sai ga sunayen 'yan wasa sun jeru tsaf, kowanne da lambarsa.

Wani da ya sha irin wannan wuya da godiya zai yi wa Allah ya janye hannu ya jira mai shago. Sabuntau ya juyo da kujera ya fuskanci jama'a, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ka ce kwamfuta ɗaya. Ga ta. Ina makulli?"

"Ina kemis ɗina?" in ji Ciyaman.

"Kowane juyin juya hali yana da 'yan asararsa. Koci, kawo rigunan manyan 'yan wasanka. Yau za ka ga ɗinkin da Gwaggo ba ta taɓa yi ba."

A wannan kam bai yi ƙarya ba.

"Ba za mu jira mai shagon ba?" in ji Koci.

"Lokaci ya ƙure maka, ko ba haka ba? Abin da take yi danna kore ne. Kore kuwa yau na ƙware a kansa."

Mai Hoto ya yi ƙwafa. Koci ya dubi agogo, ya dubi yaransa, ya miƙa riguna huɗu, har da ta kyaftin da ta mai tsaron gida. Sabuntau ya ɗaura su a zoben injin mai riƙe yadi yadda ya saba ganin ana yi, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan kore.

Abin da allo bai nuna ba shi ne, fayil ɗin da ya rage ba da ma'aunin injin yake awo ba. Inda manhajar ta ce faɗin yatsa, shi faɗin tafin hannu yake ji. Allurai huɗu suka sauka tare, tatatatata, suka fara harafin farko. Harafin ya tashi daga kafaɗa, ya gangara, ya ci gaba da gangarawa. Ya wuce inda lamba za ta zauna. Ya wuce ƙugu.

"Wannan harafi ɗaya ne?" in ji kyaftin.

"Don a hango ka daga nesa," in ji Sabuntau, amma muryarsa ta sirance.

Zoben ya yi wani tsalle gefe, ya kwaso hannun riga ya cusa ƙarƙashin allura. Injin ya ɗinke hannu da baya. Ya kwaso wuya ya ɗinke shi ruf, yadda ko kan kaza ba zai shiga ba. Sabuntau ya danna tsayawa a kwamfuta. Ɗin! Ɗan farin akwatin ya dawo. Ya sunkuya kan injin zai fizge rigar mai tsaron gida, jan naktayen ya zube a kan zobe, allura ta yi masa maraba.

Tatatatata.

"Wayyo! Ku kashe! Ku kashe shi!"

"A ina ake kashewa, Injiniya?" in ji Ciyaman.

Koci ya kai hannu ya danna maɓallin da ya fi kusa da shi. Na ƙarin gudu ne. Injin ya riƙa cin naktayen kaɗan-kaɗan yana jan mai shi, zoben ya yi dama Sabuntau ya bi, ya yi hagu ya bi, kamar mai gaishe da jama'a. 'Yan baranda suna ta turereniya, na baya suna tambayar na gaba me ake ciki. Mai Hoto, wanda tun safe bai yi murmushi ba, ya ɗaga kyamara.

"Ɗaga haɓa," in ji shi.

Sai komai ya ɗauke. Shagon ya yi shiru. Gwaggo ce tsaye a jikin bango, ledar zare a hannu ɗaya, filogin da ta zare a ɗayan. Ta dubi rigunan. Ta dubi allon kwamfuta da ya yi baƙi. Ta dubi ɗan ƙanenta, wanda hancinsa ya rage kaɗan ya taɓa allura, ɗinke da rigar mai tsaron gida da farin zare mai kyau.

"Gwaggo," ya ce daga inda yake sunkuye, "kafin ki yi magana, ki sani matsalar tsohon tsari ce."

"Ka taɓa ɓeran."

"A kimiyyance..."

"Ka taɓa ɓeran."

"Gwaggo, almakashi."

"Yana nan," in ji ta. Ta ɗauke shi daga kan tebur ta jefa cikin jakarta.

A haka ta bar shi, a sunkuye, har ta gama da Koci. Ta ba shi haƙuri, ta zaro wasu fararen riguna daga kabad, aka zana wa ƙungiyar gaba ɗaya lambobi da alƙalamin maka. Katuna kuwa babu yadda za a yi, Koci ya zaɓi na gora ya ce gara dogon kai da koriyar fuska. 'Yan wasa suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne in ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Mai tsaron gida ya daɗe yana kallon rigarsa, sannan ya ce a bar masa naktayen in an cire, ya yi mata kyau.

Da safiyar Litinin aka loda kwamfutoci uku a baro aka tura su can ƙarshen gari, inda za a wanke su a sake zuba musu komai daga farko. Ciyaman ya koma rubuta rasit da biro. Mai Hoto ya wanke hoton nan a wani shago ya manna a ƙofarsa, kuma shi kaɗai ne hoton da ya fito da launinsa daidai a wannan makon.

Makullin ɗakin ƙarƙashin matakala kuwa an ba Sabuntau. Gwaggo ce ta roƙa masa, ta ce ba ta son ganin fuskarsa a shagonta har sai ya warware ɗinkin rigunan nan huɗu da reza, zare bayan zare, ba tare da ya huda ko ɗaya ba. Ɗakin babu tebur, sai aka kifa allon asibitin a kan bokiti biyu ya zama tebur. Duk mai hawa bene sai ya leƙo.

"Likita, ya mai jiki?"

"Ana samun sauƙi," yakan ce, bai ɗago ba. "In da sun bar ni na ƙarasa, da yanzu wani labarin ake."

Ran nan Gwaggo ta sauko duba aiki, da kwandon zarenta a hannu za ta hau da shi sama. Ta ajiye shi a kan allon tana juya rigar kyaftin. Idon Sabuntau ya faɗa cikin kwandon. Ya ajiye reza. Ya ɗauki ƙwaryar zare ɗaya, ya ɗauki wata, ya jera su, ya karkata kai.

"Gwaggo, wannan fari ne. Wannan ma fari. Wancan ma fari." Idonsa ya fara ƙyalli. "Me ya sa kike tara abu ɗaya haka? Ai da za ki ba ni dama, guda ɗaya..."

Gwaggo ta ajiye rigar kyaftin. Ta sunkuya a hankali ta cire takalmi.